Intanet a gida: Abin da ya kamata magidanci ya sani kafin ya sayi rauta

Tun daga ranar 20 ga Janairun 2025, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, wato NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, lissafin magidanta da dama ya sauya. Hukumar ta kafa hujja da cewa rabon da a taɓa farashin tun shekarar 2013, alhali kuɗin man dizal da na kayan aiki da canjin dala duk sun yi tashin gwauron zabo. Ko da hujjar ta karɓu ko ba ta karɓu ba, aljihun mai gida ne ya ji a jika. Gidan da ke da wayoyi shida ko bakwai, kowacce da datarta, ya fara tunanin sayen na'ura guda da za ta rarraba intanet ga kowa, a riƙa biyan kuɗi sau ɗaya a wata.

Wannan tunani yana kan hanya, domin sayen data mai yawa a dunƙule ya fi sayen ta a gutsuttsure rahusa. Sai dai a nan ne mutane ke faɗawa rami na biyu. Wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, zai tarar da na'urori iri-iri, sababbi da na gwanjo, kowacce da lambobi masu ruɗarwa a jikin kwalinta. Wani ya sayi mai tsada ta ƙi kama sabis a unguwarsu, wani ya sayi mai araha ta mutu a damina guda, wani kuma ya sa a aiko masa daga waje ta zo ba ta da inda za a haɗa ta. Intanet a yau ya shiga sahun ruwa da wuta a gida: da shi ake cike fom ɗin JAMB da duba sakamako, da shi ɗaliban Buɗaɗɗiyar Jami'a ke karatu, da shi matan aure ke tallar hajarsu a WhatsApp da Instagram, da shi ake tura kuɗi. Kuskure wajen zaɓen na'ura asara ce ta kuɗi da lokaci, wani lokacin har da sirrin iyali.

Modem daban, rauta daban

Abu na farko shi ne a rarrabe na'urori biyu da ake yawan cakuɗawa. Modem shi ne mai karɓo intanet daga kamfani, ta kowace hanya kamfanin ya aiko shi, ya mayar da shi yadda kwamfuta za ta gane. Rauta kuwa ita ce mai karɓa daga modem ta rarraba wa wayoyi da kwamfutoci da talabijin na cikin gida, ta iska da ake kira Wi-Fi ko ta waya. Modem kamar bututun da ya shigo da ruwa daga babban layi ne, rauta kuma kamar famfunan da aka jajja zuwa ɗakuna. Idan ruwan da ke shigowa ɗigo ne, ko famfon zinare aka sa ɗigo zai fito. Yawancin na'urorin da kamfanonin sadarwa ke sayarwa a Najeriya sun haɗa aikin biyu a akwati ɗaya, shi ya sa mutane ke ɗaukar su abu guda.

Wannan bambanci yana da muhimmanci saboda mafi yawan shawarwarin da ake karantawa a intanet an rubuta su ne don mazauna Amurka. A can, miliyoyin gidaje suna samun intanet ta wayar kebul ɗin talabijin mai jan ƙarfe a tsakiya, wadda kamfanoni irin su Comcast da Charter suka shimfiɗa shekaru da dama. Na'urar da ke karɓar intanet daga wannan waya ita ake kira modem na kebul, kuma tana aiki da wani tsari mai suna DOCSIS, wanda aka fara fitarwa a 1997, aka sabunta shi zuwa 3.0 a 2006, sannan 3.1 a 2013. Muhawarar Ba'amurke ita ce ko ya ci gaba da biyan hayar na'urar kamfani, wadda kan kai kusan dala 15 a wata, ko ya sayi tasa ya huta.

Najeriya ba ta taɓa shimfiɗa irin wannan waya zuwa gidaje a faɗin ƙasa ba. Talabijin na biya a nan ta tauraron ɗan'adam ko ta eriya yake zuwa. Saboda haka modem na kebul, komai kyansa da tsadarsa, ba shi da aikin yi a Kano ko Kaduna ko Sakkwato. Duk wanda ya ga kalmar DOCSIS a jikin na'urar da aka shigo da ita cikin kayan gwanjo, ya ajiye ta ya wuce. Haka nan wanda ke da ɗan'uwa a waje, kafin ya ce a aiko masa da na'ura, ya fara tabbatar da irin layin da zai haɗa ta da shi.

Hanyoyi uku da intanet ke shiga gida

A zahiri hanyoyi uku ne a gaban magidancin Najeriya. Ta farko, wadda ta fi yaɗuwa, ita ce rauta mai cin sim, wadda ke ɗauko sabis na 4G ko 5G daga turken sadarwa. Ta biyu ita ce wayar fayiba, wadda ake jawowa har cikin gida a haɗa ta da ƙaramin akwatin da kamfani ke kafawa. Ta uku ita ce tauraron ɗan'adam, wadda Starlink ya fi shahara da ita.

Hanyar sim ita ce mafi sauƙin farawa, kuma ita ce mafi yawan yaudara. A gwanjon da NCC ta yi a Disamban 2021, MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6 don samun zangon 5G, sannan Airtel ya bi sahu da dala miliyan 316.7 a farkon 2023. MTN ya fara sabis ɗin a 2022 da birane bakwai, ciki har da Kano da Maiduguri da Abuja. Amma a ce 5G ya shigo gari ba yana nufin ya iso kowace unguwa ba. Zangon da ake amfani da shi, mai gigahaz 3.5, ba ya tafiya nesa kamar zangunan ƙasa da shi, kuma bango yana raunana shi. Gida biyu a layi ɗaya suna iya samun sakamako mabambanci. Rautar 5G a wurin da babu 5G za ta koma 4G ne kawai, mai ita ya biya kuɗin doki ya hau jaki.

Fayiba ita ce mafi inganci inda ta samu. Gudunta ba ya sauyawa da yawan jama'ar da suka taru a kan turke ɗaya da daddare, kuma galibi ba a ƙirga data a kanta kamar yadda ake yi a layin waya. Matsalarta ita ce ƙarancin isa. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku da ke haɗa Najeriya da duniya, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, da WACS a 2012, da Equiano da ya iso Legas a 2022, duk a gaɓar tekun kudu suke sauka. Kafin intanet ya iso Kano sai ya yi tafiyar kusan kilomita dubu a cikin wayoyin da aikin hanya da ɓarayi ke yawan tsinkawa. A biranen Arewa, fayiba zuwa gida ta fi samuwa a unguwannin masu hali da rukunin gidaje na zamani. Wanda ta biyo ta ƙofar gidansa, da wuya ya samu abin da ya fi ta. A wannan tsari kamfani ne ke kawo akwatin karɓa, don haka zaɓin mai gida ya tsaya ne a kan rautar da zai ƙara idan ta kamfanin ba ta wadatar da gidan ba.

Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, kuma ita ce ƙasar Afirka ta farko da ya shiga. Taurarinsa suna shawagi ne a nisan kusan kilomita 550 daga ƙasa, saɓanin tsofaffin taurarin sadarwa da ke nisan kusan kilomita 36,000, shi ya sa saƙo ba ya jinkiri a kansa. Ga makaranta ko asibiti ko gona da ke nesa da turke, wannan babbar mafita ce. Amma kuɗin kayan da na wata-wata sun fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma farashin yana bin dala. A Oktoban 2024 kamfanin ya sanar da ɗaga kuɗin wata daga Naira 38,000 zuwa Naira 75,000, NCC ta ce ba da amincewarta ba, aka dakatar da ƙarin na wani lokaci. A ƙarshen shekarar kuma ya tsayar da karɓar sababbin masu rajista a wurare irin su Legas da Abuja saboda cunkoso. Hadari mai nauyi da ruwan sama mai ƙarfi suna rage masa kaifi, kuma farantinsa yana buƙatar sararin sama ba tare da bishiya ko bene ya tare shi ba.

Darasin da ke nan shi ne a fara da layi kafin a zo kan akwati. Kafin a kashe ko kwabo, mai gida ya ari sim na kamfanoni biyu ko uku, ya gwada gudunsu a wayarsa a cikin ɗakin da za a ajiye na'urar, da safe da kuma tsakanin ƙarfe takwas zuwa goma na dare lokacin da kowa ke kan layi. Ya tambayi maƙwabta abin da suke amfani da shi da irin wahalar da suke sha. Shaidar maƙwabci ta fi taswirar da kamfani ya zana a shafinsa, domin sayen na'ura ba tare da gwaji ba sayen kifi a ruwa ne.

Abin da lambobin kwali ke faɗi da abin da suke ɓoyewa

Ga mai sayen rauta mai cin sim, abu mafi muhimmanci shi ne zangunan da take kamawa. Kamfanonin Najeriya suna watsa 4G a zanguna irin su na 3 da na 7 da na 20 da na 28 da na 40, sannan 5G a zangon da ake rubutawa n78. Na'urorin da aka ƙera don kasuwar Amurka sun fi dogara da wasu zanguna daban, irin su na 2 da na 4 da na 12 da na 13. Wannan ne dalilin da ya sa na'ura mai kyau daga can kan zo nan ta kasa kama komai, ko ta kama da rauni. Waɗanda aka ƙera don Turai da Gabas ta Tsakiya sun fi dacewa da mu. A kuma duba ajin na'urar: wadda aka rubuta wa Cat 4 iyakar gudunta a takarda megabit 150 ne a daƙiƙa, ita kuwa Cat 6 tana kai 300 saboda tana iya haɗa zango biyu a lokaci guda, abin da ke taimakawa sosai a inda turke ya cunkushe.

Sai batun kulle. Na'urorin da kamfanonin sadarwa ke sayarwa da rahusa galibi a kulle suke, ba sa karɓar sim ɗin wani kamfani. Rahusar gaskiya ce, domin sau da yawa har da kyautar data ake haɗawa, amma sharaɗinta shi ne mai gida ya zama ɗan gida na dole. Ranar da sabis ɗin kamfanin ya lalace a unguwa, ko mutum ya tashi zuwa wata unguwa, na'urar ta zama kayan ado. Buɗaɗɗiyar na'ura ta fi tsada a farko amma tana bai wa mai ita damar sauya layi. Masu gyaran waya suna cire kullen, sai dai hakan yana soke garanti, wani lokacin kuma manhajar da suke ɗorawa ba a san asalinta ba.

Lambobi irin su AC1200 ko AX1800 da ake bugawa da manyan haruffa ba gudun intanet ba ne. Jimlar ƙarfin zangunan Wi-Fi biyu ne na cikin gida a yanayin gwaji: AC1200, alal misali, haɗin 300 ne da 867. Babu wayar da za ta samu jimlar, kuma ko ta samu, ba za ta wuce abin da kamfani ya aiko ba. Wi-Fi 6 da aka fara tantancewa a 2019 ya wadatar da kusan kowane gida, musamman mai na'urori da yawa. Wi-Fi 7 da ya fito a 2024 ƙarin kuɗi ne da layin da ke kawo megabit 20 ko 30 ba zai amfana da shi ba. Abin da ya fi cancantar dubawa shi ne ramukan waya da ke bayan rautar: idan iyakarsu megabit 100 ne, to mai fayiba mai gudun da ya wuce haka ya yi asarar ragowar.

Akwai kuma ruɗanin megabit da megabait. Kamfanoni suna tallar gudu da megabit, data kuma ana ƙirga ta da megabait da gigabait, kuma bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Layi mai megabit 20 yana sauke megabait biyu da rabi ne a daƙiƙa, wato gigabait ɗaya cikin ƙasa da minti bakwai. Wannan ya isa kallon bidiyo da taron Zoom da karatun yara a lokaci guda. Abin da ke cinye kuɗi shi ne yawan datar: kallon fim mai kaifin hoto a Netflix yana cin kusan gigabait uku a awa. Gidan da ya koma kan rauta yakan ga data na ƙarewa da sauri fiye da da, domin wayoyi da zarar sun ga Wi-Fi sai su fara sabunta manhajoji da tura hotuna ma'ajiya ba tare da neman izini ba. Tsarin da ake tallatawa da sunan mara iyaka kuwa, a mafi yawan lokuta yana da ƙa'idar da ke rage gudu bayan an cinye wani adadi. A nemi sanin adadin da kuma gudun da za a koma kafin a biya.

Gininmu, wutarmu da yanayinmu

Rautocin da ake tallatawa da cewa suna rufe gida gaba ɗaya an auna su ne a gidajen katako da bangon allo mara kauri. Gidajenmu na bulo ne da kankare da ƙofofin ƙarfe, wasu kuma na ƙasa mai kauri, kuma tsarinsu a shimfiɗe yake: zaure, turakar mai gida, tsakar gida, sannan sassa. Wi-Fi na yawancin rautocin gida yana tafiya a zango biyu. Mai gigahaz 2.4 yana ratsa bango ya je nesa amma ba shi da gudu sosai kuma cunkoso ya yi masa yawa. Mai gigahaz 5 yana da gudu amma bango biyu sun isa su karya shi. Rauta mai zango biyu ita ce ta dace, kuma a ajiye ta a sama, a tsakiyar gida, nesa da firji da bayan talabijin. Idan mai cin sim ce, kusa da tagar da ke fuskantar turke ta fi, ko a nemi mai ramin ƙara eriyar waje. A babban gida, jan wayar intanet daga rauta ta farko zuwa ta biyu a wani sashe ya fi sayen ƙaramar na'urar ƙara zango, wadda kan rage gudu da kusan rabi. Irin wannan waya tana kai mita 100 ba tare da ta yi rauni ba.

Wutar lantarki ita ce ma'auni na gaba. Rauta ta gida tana cin wajen wat 10, wato kusan yunit bakwai a wata idan ba a kashe ta ba. Babban farantin Starlink yana cin wat 75 zuwa 100, wato yunit 54 ko fiye a wata. A farashin Naira 225 kan kowane yunit da aka sanar wa 'yan rukunin Band A a Afrilun 2024, na farko bai kai Naira 2,000 ba, na biyu kuwa ya haura Naira 12,000. Ga mai dogaro da sola da inbata, wannan bambanci yana nufin ƙarin batir da faranti. Ita kuwa ƙaramar rauta, batirin ajiya mai bolt 12 da ake sayarwa don ita yana riƙe ta sa'o'i bayan an ɗauke wuta. Ma'ajin caji mai lamba 20,000 yana ɗauke da abin da zai riƙe rauta mai wat 10 na kimanin awa shida. A kuma duba cajar na'urar da aka shigo da ita daga waje, domin wutar Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230.

Zafi da ƙura da tsawa su ma suna da nasu rabon. Yawancin rautocin gida an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, alhali a Sakkwato da Maiduguri da Nguru zafin bazara yana haura haka a inuwa. Na'urar da aka rufe a cikin kabad ko aka ajiye ƙarƙashin kwano za ta riƙa katsewa tana kunna kanta. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan shan iskarta. A damina kuma tsawa da dawowar wuta da ƙarfi suna ƙona caja da na'ura, don haka soket mai kariya ba almubazzaranci ba ne.

Ƙofar gida ta biyu

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne tsaro. Duk abin da ke fita daga wayoyin gida, daga hirar iyali zuwa manhajar banki, ta cikin rauta yake bi. A Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta tattara dubban ɗaruruwan kyamarori da rautocin da masu su ba su sauya kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta ba, aka yi amfani da su wajen kai harin da ya durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na sa'o'i a Amurka. A 2018 hukumar FBI ta roƙi jama'a su kashe rautocinsu su sake kunnawa saboda wata manhajar, VPNFilter, da ta shiga na'urori kusan 500,000 a ƙasashe 54. Birtaniya ta ɗauki darasi, inda daga 29 ga Afrilun 2024 dokarta ta haramta sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri ta bai-ɗaya, ta kuma wajabta wa masu ƙera su bayyana tsawon lokacin da za su ci gaba da aiko da gyaran tsaro.

A nan ne haɗarin kayan gwanjo yake. Na'urar da aka yi watsi da ita a Turai sau da yawa kamfaninta ya daina sabunta manhajarta, duk ɓarakar da aka gano a cikinta tana nan a buɗe. Araha ba ta ado. Mai gida ya sauya kalmomin sirri guda biyu a ranar farko: ta shiga Wi-Fi da kuma ta shiga saitin na'urar, wadda yawancin mutane ba su san da ita ba. Ya zaɓi tsarin kariya na WPA3 da aka fitar a 2018, ko aƙalla WPA2, ya kashe maɓallin WPS. A al'adarmu hana baƙo ko maƙwabci kalmar sirri abu ne mai nauyi. Mafita ita ce a buɗe layin baƙi, wanda yawancin rautoci ke da shi, ta yadda baƙo zai samu intanet ba tare da ya shiga cikin na'urorin gida ba. A tuna kuma cewa tun Disamban 2020 aka fara haɗa kowane sim da lambar NIN ta mai shi. Duk abin da aka aikata ta layin, sunan mai gida za a fara gani. Iyaye kuma suna iya amfani da saitin rauta wajen ƙayyade lokacin da wayoyin yara za su samu intanet da daddare.

Inda hukuma ta shigo

Ba duk nauyin ne ke kan mai saye ba. Dokar Sadarwa ta 2003 ta ɗora wa NCC alhakin tantance duk na'urar sadarwa kafin a sayar da ita a ƙasar, amma kasuwanni cike suke da kayan da ba su bi ta wannan ƙofa ba. Akwai abubuwa uku da hukumar, tare da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta FCCPC, za su iya yi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Na ɗaya, a wajabta wa kamfanoni su rubuta a fili, har da harsunan gida, adadin datar da ke cikin tsarin da suke kira mara iyaka da gudun da ake komawa bayansa. Na biyu, a sa wa'adi ga kullen na'ura, ta yadda bayan kamfani ya mayar da rahusar da ya yi, mai ita zai iya sa kowane sim. Jamus ta bai wa masu amfani da intanet 'yancin zaɓen rautar da suke so tun Agustan 2016, kuma kasuwarta ba ta rushe ba. Na uku, a sa sharaɗin tsaro cikin ƙa'idojin tantancewa, kamar yadda Birtaniya ta yi.

Babban aikin dai shi ne shimfiɗa layi. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alƙawarin kai intanet mai gudu ga kashi 70 cikin 100 na jama'a, da gudun megabit 25 a birane da 10 a karkara, amma wa'adin ya cika adadin yana wajen rabi. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na fayiba a ƙarƙashin ma'aikatar da Dokta Bosun Tijani ke jagoranta, sannan ta ayyana kayan sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Rabon Arewa a wannan shiri ya dogara ne ƙwarai da gwamnoninta: ko za su tsaya a kan Naira 145 kan kowace mita da aka amince a matsayin kuɗin izinin haƙa, ko ma su yafe shi, da kuma ko za su hana 'yan kwangilar hanya tsinka wayoyin da aka riga aka binne. Tsinkewar wayoyin teku huɗu a gaɓar Afirka ta Yamma ranar 14 ga Maris na 2024, da rufe layukan sadarwa a Zamfara a Satumban 2021, sun nuna cewa babu na'urar da za ta ceci gida idan layin da ke ciyar da ita ya yanke.

Kafin waɗannan su tabbata, lissafin yana hannun magidanci. A ɗauki misalin wanda ya sayi rauta a kan Naira 30,000 yana kuma biyan Naira 25,000 a wata: cikin shekara uku zai kashe Naira 930,000, kuma kuɗin na'urar bai wuce kashi uku da ɗoriya cikin 100 na jimlar ba. Ke nan ƙarin Naira dubu ashirin ko talatin don samun buɗaɗɗiyar na'ura mai garanti ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne ɗaure kai shekara uku ga layin da ba ya aiki a unguwa. Mai saye ya karɓi rasit, ya gwada na'urar da nasa sim ɗin a gaban mai shago, ya tambayi sharaɗin mayarwa. Idan kamfani ya gaza cika abin da ya tallata kuma ya ƙi sauraron koke, layin NCC na 622 kyauta ne, kuma an buɗe shi ne don irin wannan.